Idan Kamfanin Inshora Ya Ƙi Biya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rigimar Diyya da Shari'ar Mugun Nufi

Mutum yakan shekara goma yana zuba kuɗin inshora bai taɓa karanta takardar da aka ba shi ba. Sai ranar da gobara ta tashi ko mota ta kife yake buɗe ta, kuma a ranar ce yake sanin irin kamfanin da ya ƙulla hulɗa da shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne 'yan kasuwa, direbobi da ma'aikata suka fi yi mini game da wannan rana. Yawancin shari'o'in da zan kawo na Amurka, Kanada da Ingila ne, domin can wannan reshe na doka ya yi girma. Daga baya zan dawo gida Najeriya. Bayani ne kawai, ba zai ɗauke maka zuwa wurin lauyan da zai karanta takardarka ba.

Kamfani ya ƙi biyana. Wannan kaɗai ya isa a ce ya ci amanata?

Bai isa ba. Rigimar iri biyu ce, kuma rashin bambance su yana sa mutane asarar kuɗin lauya a banza.

Ta farko a kan ma'anar yarjejeniya take: asarar da ta same ka tana cikin abin da kamfani ya ɗauki nauyi, ko ta faɗa cikin togaciya? Ka yi inshorar gobara, ambaliya ta shigo shago ta jiƙa maka dilolin atamfa, kamfani ya ce ruwa daban, wuta daban. Wannan saɓani ne da kowa ke da ta cewa, kotu za ta karanta takarda ta raba gardama. Inda kalma ta ɗauki ma'ana biyu, alƙalai sukan fassara ta yadda za ta amfani mai inshora, tun da kamfani ne ya tsara takardar da hannunsa.

Ta biyu a kan halin kamfani take. Ya san ya kamata ya biya amma ya yi ta jan ƙafa. Bai yi bincike ba ya yanke hukunci. Ko ya yi binciken, masu kimanta asara nasa suka ce a biya, ya ɓoye rahotonsu. Ko ya ƙaga maka zargin cewa kai ka cinna wa shagonka wuta don ka tsorata ka karɓi rabi. Wannan shi ne lauyoyin Amurka ke kira da sunan da ya fi kusa da “mugun nufi” a Hausa. Abin da ya sa yake da nauyi shi ne kuɗin da lokacin duk suna hannun kamfani. Shi zai iya jiran shekara uku bai rasa barci ba, kai kuwa kana da iyali da masu bin ka bashi.

Ashe ba mai inshora ne doka ta ɗora wa faɗin gaskiya ba?

Da shi aka fara. A 1766, a shari'ar Carter da Boehm a Landan, alƙali Lord Mansfield ya kafa ƙa'idar cewa inshora yarjejeniya ce ta cikakkiyar gaskiya. Maganar a kan wata ganuwar 'yan kasuwar Ingila ce a tsibirin Sumatra da Faransawa suka ci da yaƙi. Mansfield ya ce nauyin yana kan ɓangarorin biyu. Sai dai kusan shekara 200 kamfanoni ne suka fi morar ƙa'idar: in suka tono wani abu da ba ka faɗa ba, sai su soke yarjejeniyar ɗungurungum. Su kuma in suka saɓa, iyakacin abin da zai same su shi ne su biya abin da dama suke da nauyin biya.

To yaya aka yi Amurka ta mayar da shi laifi mai zaman kansa?

Labarin wata tsohuwa ne ya fi nuna yadda abin ya faru. Rosina Crisci bazawara ce mai shekara 70 a Kalifoniya, tana da gidan haya. Matakalar katako ta karye da wata 'yar haya, ta ji rauni, abin har ya taɓa mata hankali. Inshorar Crisci iyakarta dala 10,000. Mai ƙara ta nemi dala 400,000, amma daga baya ta yarda a sasanta a kan 9,000, ita Crisci ma ta ce za ta cire 2,500 daga aljihunta ta taimaka. Kamfanin ya ƙi, ya tsaya a kan 3,000, alhali lauyansa ya gaya masa cewa in aka faɗi a kotu hukuncin ba zai gaza 100,000 ba. Aka shiga kotu, aka yanke dala 101,000. Kamfani ya biya 10,000 ɗinsa ya kakkaɓe hannu, ragowar 91,000 ta faɗo kan tsohuwa. Ta rasa dukiyarta, ta koma aikin raino, lafiyarta ta lalace.

A 1967 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta ce kamfanin ya yi caca da dukiyar wani. In aka ci nasara shi ke da riba, in aka faɗi tsohuwa ke da asara, shi kuwa ko sama za ta faɗo 10,000 ce iyakarsa. Kotu ta ɗora masa 91,000 ɗin, ta ƙara dala 25,000 saboda ƙuncin zuciyar da ya jefa ta. Ta kuma faɗi abin da har yau nake ganin shi ne zuciyar maganar, wato mai sayen inshora kwanciyar hankali yake saye. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kafin Crisci akwai shari'ar Stowers a Texas a 1929 da ta Comunale a Kalifoniya a 1958, duk a kan kamfanin da ya ƙi sasantawa da wanda mai inshora ya yi wa ɓarna. A 1973, a shari'ar Gruenberg, aka faɗaɗa ƙa'idar ta haɗa da asarar mai inshora shi kansa, kamar gobarar shagonsa. Kowace jiha a Amurka da nata tsarin. Wasu sun bi Kalifoniya, wasu sun yi dokar majalisa, wasu kamar New York har yau sun ƙuntata ƙofar.

Da gaske ne ana cin kamfani tarar miliyoyin daloli?

Ana yi, amma adadin da jarida ke bugawa ranar hukunci ba kasafai yake tsira ba bayan ɗaukaka ƙara. A 1981 Curtis Campbell ya yi ƙoƙarin wuce motoci 6 a jere a wata ƙaramar hanya a jihar Utah. Mutum ɗaya ya mutu, wani ya nakasa. An nemi State Farm, wadda ta yi masa inshora, ta biya iyakar inshorarsa, dala 50,000, a rufe magana. Ta ƙi, ta ba shi tabbacin dukiyarsa ba za ta taɓu ba. Kotu ta yanke dala 185,849, lauyan kamfanin kuma ya ba Campbell da matarsa shawarar su fara sa gidansu a kasuwa. Daga baya kamfanin ya biya, amma a ƙarar mugun nufi masu taya alƙali hukunci sun ci shi diyyar horo, wato tarar ladabtarwa, ta dala miliyan 145, a kan diyyar asara da ta tsaya a miliyan 1. A 2003 Kotun Ƙolin Amurka ta ce abin ya wuce kima, ta nuna cewa da wuya tsarin mulki ya lamunci diyyar horo da ta kai ninki 10 na diyyar asara. Kotun Utah ta rage shi zuwa kusan dala miliyan 9. Tun daga nan wannan ma'auni ke aiki a faɗin ƙasar.

Ta Kanada ta fi taɓa ni. A watan Janairun 1994 gidan Daphne Whiten ya kama da wuta da tsakar dare a lardin Ontario, sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri. Suka fito da kayan barci, mijin ya ba 'yarsu takalminsa, sanyi ya ci masa ƙafafu. Shugaban 'yan kwana-kwana ya ce ba alamar ganganci, masu binciken da kamfanin Pilot ya ɗauka da kansa su ma haka suka ce. Kamfanin ya biya musu haya na 'yan watanni, ya katse, ya dage cewa su suka ƙona gidansu, domin ya san suna cikin matsin kuɗi. Suka yi shari'ar mako 8. Aka ci shi dalar Kanada miliyan 1 ta horo, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2002.

Har yanzu masu inshora ke samun galaba a Amurka?

A wasu jihohin iska ta juya. Fulorida, inda guguwa ke yawan rushe gidaje, ta fi kowa nisa. Kamfanoni sun yi ta kukan cewa yawan ƙararraki na durƙusar da su, wasunsu ma sun karye. A watan Disambar 2022 majalisar jihar ta soke tsarin da ke sa kamfani ya biya lauyan mai gida in ya faɗi a kotu. A ranar 24 ga Maris 2023 gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a wata doka da ta ce sakaci kaɗai ba mugun nufi ba ne, kuma kamfanin da ya miƙa kuɗin cikin kwana 90 bayan samun sanarwa da hujjoji ya tsira daga ƙara. Ba na musun cewa wasu lauyoyi sun mayar da abin sana'a. Amma wanda rufinsa ya yaye, diyyarsa ba ta kai kuɗin lauya ba, yanzu ina zai nufa?

Akwai kuma tsohon giɓi. Tun hukuncin Pilot Life da Dedeaux a 1987, ma'aikacin da ya samu inshorar lafiya ko ta nakasa ta hannun kamfanin da yake wa aiki ba zai iya kai ƙarar mugun nufi a ƙarƙashin dokar jiha ba, saboda dokar tarayya ta ERISA ta 1974 ta rufe ƙofar. Miliyoyin Amurkawa suna cikin wannan rukuni.

Ingila fa, wadda muka gaji dokarta?

Ingila ba ta taɓa yarda da diyyar horo a kan wannan ba, kuma har zuwa 2017 ko asarar da jinkiri ya jawo ba ta biya. Wani mai ƙaramar masana'anta, Sprung, ɓata-gari suka farfasa masa injina a 1986. Kamfani ya ƙi biya sai bayan fiye da shekara 3, lokacin sana'ar ta riga ta mutu. An lissafa asararsa fam 75,000, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce doka ba ta ba shi komai sai kuɗin ruwa, alƙalan kansu suna nuna ba su ji daɗin hukuncin ba. Ihu bayan hari ke nan.

An toshe wannan a ranar 4 ga Mayu 2017, lokacin da sashe na 13A na Dokar Inshora ta 2015 ya fara aiki: dole a biya cikin lokacin da hankali zai ɗauka, in ba haka ba kamfani ya ɗauki asarar da jinkirinsa ya haifar. Sai dai in yana da dalili mai ƙarfi na jayayya, an yafe masa. A gwajin farko, shari'ar Quadra ta 2022, kotu ta ba mai inshora diyyarsa amma ta hana shi ta jinkiri.

Me ya sa hukuncin korona ya bambanta tsakanin Landan da Amurka?

Rigimar a kan masu shaguna ce da aka rufe lokacin annobar korona, suka nemi diyyar cinikin da suka rasa. Abin da ya raba hukuncin shi ne kalmomin takarda da kuma wanda ya shigar da ƙara. A Birtaniya hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ce ta ɗauki nauyin ƙarar a madadin ƙananan 'yan kasuwa, ta kai samfurin yarjejeniya 21 na kamfanoni 8 gaban kotu. Da yawansu sun ambaci ɓarkewar cuta ko rufe shago da umarnin hukuma. A ranar 15 ga Janairun 2021 Kotun Ƙoli ta goyi bayan masu shaguna a mafi yawan batutuwa, hukuncin da aka ƙiyasta ya shafi masu inshora 370,000.

A Amurka kowa ya tafi kotu shi kaɗai, kuma yawancin takardun sun ce sai an samu lalacewar dukiya ta zahiri. Kotuna suka ce ƙwayar cuta ba ta fasa bango ko ƙona tebur. Manyan kotunan New York da Kalifoniya sun bi wannan a 2024. Ta North Carolina ta saɓa musu a watan Disambar shekarar, ta ba masu gidajen abinci gaskiya. Abin da na ɗauka daga nan shi ne amfanin hukuma mai tsaya wa ƙananan mutane a dunƙule.

Waɗanne sababbin rigingimu ne ke tasowa?

Biyu sun fi ɗaukar hankali. Ɗaya ita ce togaciyar yaƙi a zamanin kutsen kwamfuta. A 2017 mugun manhajar NotPetya, da ƙasashen Yamma suka ɗora wa sojojin Rasha, ta lalata dubban kwamfutocin kamfanin magani na Merck, asarar ta kai dala biliyan 1.4. Kamfanonin inshora suka ce wannan yaƙi ne, ba sa biya. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta New Jersey ta ce togaciyar ba ta shafi irin wannan hari ba, aka sasanta a farkon 2024. Tuni kamfanoni suka sake rubuta togaciyar ta ambaci kutse ƙarara.

Ɗayar ita ce na'ura mai ƙin biya. A 2023 'yan jaridar ProPublica sun ruwaito cewa likitocin kamfanin inshorar lafiya na Cigna sun yi watsi da buƙatu sama da 300,000 cikin wata 2 ta hanyar wata manhaja, kowace buƙata daƙiƙa 1.2 a matsakaici. Kamfanin ya ce an yi wa tsarin nasa gurguwar fahimta, an kuma shigar da ƙararraki. Kalifoniya ta yi dokar da ta fara aiki a 2025 cewa likita ne zai yanke hukuncin ko magani ya zama dole, ba manhaja ba.

A Najeriya zan iya kai ƙarar mugun nufi irin ta Amurka?

Kada ka shiga kotu da wannan buri. Kotunanmu sun bi Ingila: rigimar inshora saɓa yarjejeniya ce, abin da za ka samu shi ne diyyarka, kuɗin ruwa, da wani abu na kuɗin shari'a. Makaminka a nan shi ne wa'adi da hukuma.

Dokar Inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya abin da ya amince da shi, ko ya rubuto dalilin ƙi. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, NIIRA, wadda ta shafe ta 2003 da wasu tsofaffin dokoki. Ta rage wa'adin zuwa kwana 60 tare da tara ga mai jinkiri, ta kafa asusun kare masu inshora in kamfani ya karye, ta kuma ɗaga jari: naira biliyan 10 ga inshorar rai, 15 ga sauran, 25 ga mai haɗa biyun, 35 ga kamfanin da ke yi wa kamfanoni inshora. Jarin ya shafe ka kai tsaye, domin kamfanin da aljihunsa ya bushe shi ya fi ƙirƙiro dalilan jinkiri. Ko dokar za ta yi haƙora, wannan yana hannun NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora a Najeriya.

Ban gama biyan kuɗin inshora ba asara ta same ni. Ina da hakki?

Ƙa'idar a fili take: ba biya, ba kariya. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2014 a shari'ar Corporate Ideal Insurance da kamfanin ƙarafa na Ajaokuta. Alƙawarin baki na ejan cewa “ka kawo ragowar ƙarshen wata” ba zai cece ka ba. Masu mota kuma, tad-fati ta gaskiya naira 15,000 ce ga motar gida tun Janairun 2023, tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Wanda ya sayar maka da ita a ƙasa da haka a bakin ofishin lasisi, danna *565*11# ka duba ko tana cikin rajista. Takardar jabu ba ta da kamfanin da za ka kai ƙara.

Sun ce na ɓoye wani abu a fom.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in kana ajiye fetur a bayan shago aka tambaye ka, ka faɗa. Amma dokar 2003, wadda ta yi aiki har zuwa 2025, ta rage wa kamfanoni ƙarfi a nan. Abin da ba su tambaya a fom ba ana ɗaukarsa ba shi da muhimmanci, kuma ba za su ƙi biya saboda saɓa wani sharaɗi ba sai in yana da alaƙa da asarar ko an yi zamba. Ka kiyaye abu ɗaya, dokar ta ɗauki ejan da ya cike maka fom a matsayin wakilinka. In ya rubuta ƙarya, a wuyanka take. Karanta kafin ka sa hannu, ka ɗauki hotonsa a waya. Lauyanka zai duba ranar da aka ƙulla yarjejeniyar ya san wace doka ke hukunta ta.

Sun yi mini tayin rabi, sun ce in sa hannu in karɓa gobe. In karɓa?

Na taɓa raka wani ɗan kasuwa da shagonsa ya ƙone zuwa ofishin wani kamfani. Wata biyar ana ce masa ya kawo rasit, alhali rasit da littafin lissafi duk sun ƙone tare da kaya. Ranar aka tura masa takardar sallama a kan tebur, adadin bai kai rabin abin da ya nema ba. Wayarsa na ta ruri a aljihun riga, ubangidansa ne da ya ba shi kayan bashi. Na ce, “Alhaji, a bari mu kai wa lauya ya duba.” Ya dube ni ya ce, “Malam, da babu gara ba daɗi.” Ya ɗauki biro. Akwai layi a ƙasan takardar da ke cewa wannan shi ne biya na ƙarshe, ba sauran magana, kuma da wuya kotu ta warware irin wannan bayan an sa hannu.

Kafin ka sa hannu, nemi lissafin a rubuce. Wani lokaci ragin halal ne: in kayanka na naira miliyan 20 ne ka yi musu inshorar miliyan 10, asarar miliyan 8 za ta zama diyyar miliyan 4, domin rabi kawai ka rufe. Wani lokaci kuwa gwada haƙurinka ake yi. Ka nemi su biya ɓangaren da ba a jayayya a kansa, a ci gaba da magana a kan saura.

Takaful, wato inshorar Musulunci, ta kuɓuta daga wannan?

Tsarinta daban: kuɗin gudummawa ce cikin asusun mahalarta, kamfani wakili ne, rara kuma ana iya raba ta. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013. Amma akwai fom, akwai togaciya, akwai mai kimanta asara, don haka saɓani na iya tasowa. Ƙarin da kake da shi shi ne kwamitin malamai na kamfanin, wanda za ka iya kai wa kuka kafin hukuma.

Mu da ke Nijar, Kamaru ko Chadi fa?

Kundin dokar inshora na CIMA ke hukunta ku, wanda ƙasashe 14 ke amfani da shi bisa yarjejeniyar Yawunde ta 1992. Tun gyaran sashe na 13 a 2011, can ma sai an biya kariya ke fara aiki. Ku kula da sashe na 28: galibin ƙararrakin inshora suna mutuwa bayan shekara 2 da faruwar abin.

An ƙi biyana. Me zan fara yi?

Ka nemi dalilin a rubuce, da lambar sashen da suka dogara da shi. Duk maganar da aka yi ta waya, ka bi ta da wasiƙa ko imel mai kwanan wata, domin wa'adi ba ya ƙirguwa sai da shaidar ranar da ka sanar. Ka tara rahoton 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana, hotuna, bayanan banki, da kwafin rasit daga waɗanda suka sayar maka da kaya. In ta hannun dillalin inshora ka saya, aikinsa ne ya bi maka. In wa'adi ya cika, rubuta wa sashen ƙorafi na NAICOM ka haɗa da kwafin komai. Sannan ka duba ƙarshen takardarka: da yawa suna da sharaɗin zuwa gaban mai sulhu kafin kotu, wasu kuma sun ce in ba ka ɗauki mataki cikin wata 12 da ƙin biya ba, ka yafe hakkinka. Ranar da wasiƙar ƙin ta iso hannunka, rubuta kwanan watan a jikin ambulan ɗin, ka kai wa lauya a cikin makon.